Daushe a Ganyen Ayaba

Ban taɓa ɗanɗana giyar inabi ba, kuma ina fatan a haka za a binne ni. Na fara da wannan ne saboda dangina, waɗanda ke karanta rubutuna suna laluben inda zan zame. Amma na san yadda ake karkata kofinta a kan farin ƙyalle a duba launi. Na san dalilin kaɗa ta kafin a kai hanci. Na san wadda za ta daɗe a ajiye tana ƙara kyau, da wadda in ta wuce baɗi sai dai a tsiyaye ta a rariya. Na san duk wannan irin sanin da na yi wa dusar ƙanƙara a firamare: ban taɓa taka ta ba, amma na ci jarrabawarta.

Wanda ya koya mini wani Bafaranshe ne da aka haɗa mu ofis ɗaya a kwalejin da nake koyarwa a nan Doha. Shi ilimin ƙasa da duwatsu yake koyarwa. Ni kuma aikina in nuna wa masu karatun injiniya yadda ake gina jimla ta tsaya da ƙafarta, su da gobe za a ba su gada su gina. Bafaranshen dogo ne siriri, kai duk furfura, ga hanci wanda da ganinsa ka san ba don ado aka dasa shi ba. Dattijo nake kiransa. Shi kuma Furofesa yake ce mini, ko da yake ya san ban kai ba, na kuma san ya sani.

Bai taɓa kawo kwalba ofis ba. Doka ba ta bari ba, ladabinsa ma bai bari ba. Bai kuma taɓa gayyatata inda ake sha ba. Labari kawai yake kawowa. Duk sanda aka yi zaman ɗanɗano a ɗaya daga cikin manyan otal-otal na West Bay, unguwar da yake zaune can saman wani bene mai tsawon rashin kunya, washegari sai ya shigo ko yana ƙunƙuni ko yana fara'a, ya jawo kofin shayin karak ɗina, wato shayin madara mai kayan ƙamshi, ya mai da shi kayan koyarwa.

"Duba nan, Furofesa. Ido ne farko. Sabuwa takan yi ja mai duhu, har gefenta ya so komawa shuɗi. In ta manyanta, sai gefen ya koma launin jan bulo. Sannan hanci. Baki shi ne na ƙarshe, kuma in aiki kake yi ba ka haɗiyewa, tofarwa kake."

"Wato ku taru da kwat da nakatayel, kowa da kaskon tofa yawu."

"Ƙwarai kuwa."

"Dattijo, ruwan inabin da ya ruɓe fa kuke yi wa wannan kirari."

"In ji wanda ya kawo mini baƙin abu mai wari a leda, ya ce shi ne ran miya."

"Daddawa daban."

"Ai kowa tasa daban ce."

A littattafan Turawa da na karanta tun ina sakandare na sha cin karo da attajirai suna kiran kwalba da shekarar da aka matse ta, kamar masu kiran ɗa da sunan yanka. Na ɗauka duk burga ce ta marubuta. Dattijo ya ce a'a, lissafi ne na manomi. Inabin da ya fito a ƙasa mai tsakuwa ba ɗaya yake da na ƙasar laka ba, ko da katanga ce kawai tsakaninsu. Shekarar da rana ta yi yawa tana da nata bakin, shekarar ruwa ma haka. Babban aikin mai ɗanɗano kuwa ba ya ce wannan da daɗi ba ne, wannan ko yaro ya iya. Aikinsa ya kurɓi sabuwa, tana ɗanya, ya faɗi abin da za ta zama.

"Ta yaya?" na ce.

"Wadda ta zo da daɗi tun tana sabuwa, mai laushi, mai faranta wa kowa, a shanye ta bana, ba ta da gobe. Amma akwai wadda in ka kurɓa sai ta kama maka dasashi, ta busar da harshe, ga tsami a ƙarƙashi, kamar tana jin haushinka. In ka saurara ka ji 'ya'yan itace a ɓoye bayan wannan faɗan, to ita ake kaiwa ɗakin ƙasa. A kwantar da ita a duhu, a ƙyale ta. Baurin nan shi ne ƙashin bayanta. Shi zai riƙe ta har ya narke."

Ya ci gaba da bayani, amma ni na bar ofishin. Jikina na kan kujera, iyakwandishan na hura mini ƙeya, amma ina zaune a zauren gidanmu a Kano. Domin na taɓa jin wannan karatu, kusan kalma da kalma, daga bakin mutumin da ko sunan giya aka ambata a gabansa sai ya tofar da yawu ya nemi tsari.

Mahaifina falken goro ne, ɗan falken goro. Na tashi a gidan da zaurensa ke da sanyi da ƙamshin ɗanyen ganye ko da bazara. Huhunan goro a jingine da bango, kowane an naɗe shi da ganyen fita an ɗaure tamau, ga jiƙaƙƙiyar algarara a shimfiɗe kan faifai. In aka kawo wa Baba samfur, ba ya gaggawa. Sai ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya juya ta a haske. Ya jinjina ta a tafin hannu. Ya sa farcen babban yatsa ya ɓare ta daf da kunne, don ƙarar ma tana da abin da take faɗa. Ya duba cikin. Sannan ya gatsi ɗan kaɗan, ya lumshe ido, ya daɗe yana taunawa har mai kayan ya fara gyara zama. Daga nan ya kurɓi ruwan randa, ya jira zaƙin da ke biyo bayan ɗaci. Sai ya faɗi ƙasar da goron ya fito, ya kuma yanke masa hukunci: wannan a sayar kafin wata ya mutu, wannan kuwa a kai ɗaki, zai yi daushe.

Daushe shi ne goron bara da aka riƙe har ya shiga wata shekara. Ba kowane goro ke kaiwa ba. Wanda ya kai kuwa, ɗacinsa ya kwanta, baurinsa ya yi laushi, in ka gatsa sai ya yi ƙaras, ya bar maka garɗi a maƙogwaro. Masana goro sukan yi masa shiru irin na girmamawa.

Ni ba na cikinsu. A makarantarmu duk ran Litinin akan jera mu a duba farce da haƙori, kuma tun daga nan na yanke cewa goro abincin masu jan baki ne, ni kuwa farin haƙori zan kai jami'a. Baba bai taɓa matsa mini ba. Sai dai ya sa mini suna Bature, sunan kuma ya bi ni har na yi furfura.

Na ba Dattijo wannan labari a taƙaice. Ya ajiye kofin shayina, ya ce, "Ashe ɗan gidan sarauta ne kai, ka bar ni ina ta zuba."

A hutun Disamba na wannan shekarar na je gida. Na tarar Baba ya tsufa tsufan da waya ba ta nunawa. Ya daɗe da barin kasuwa, ido ya yi rauni, haƙora sun tafi sai 'yan tsiraru. Goro yanzu sai da magogi, wani murfin gwangwani da aka huhhuda da ƙusa, ya goga a kai ya tara garin a tafin hannu. Ƙanwata ce ke kula da shi tun rasuwar mahaifiyarmu. Amma har lokacin tsofaffin abokan sana'a sukan aiko masa da sabon goro ya taɓa, don a ji ta bakinsa.

Ana jibi zan koma aka kawo wani faifai. Ya sa hannu yana lalube, yana ware wasu gefe, ba ya ko kallo. Da ya tara abin da zai cika hula, sai ya goga ɗaya ya ɗanɗana, ya yamutsa fuska cikin jin daɗi.

"Bature, matso. Wannan bana ba ya ciwuwa, bauri ne zalla. Ka tafi da shi ka riƙe. In ka zo hutun damina sai mu fasa."

"Baba, ƙasar can ko dutse ka ajiye sai ya bushe."

"To ka ga sai mu gani ko karatun naka ya kai na riƙon goro. Kada ka sa shi a firji, kashe masa rai yake yi. Kada rana ta gan shi. Kada ka shayar da shi ruwa kamar doki, yayyafi ake yi. Kana ji ko kana rubutu a ka?"

"Ina ji, Baba."

A jirgi na ce wa maiɗakina tsufa ya fara taɓa Baba, ya rasa wanda zai ba ajiyar goro sai mutumin da bai taɓa cin ƙwaya ɗaya ta ƙare ba. Ta dube ni irin kallon da nake yi wa ɗalibin da ya karanta tambaya a juye.

"Malam, wani lokaci kamar ba kai ke koyar da fahimta ba. Baba ranar dawowa ya sa maka."

Gidanmu a Al Aziziya yake, kuma kamar kowane gida a Doha, yanayi biyu gare shi. Ciki sanyin inji mai tsotse danshin duk abin da ya samu, har leɓen mutum. Waje kuwa, daga watan huɗu zuwa sama, tanderu. Cikin mako biyun farko na ga fatar goron ta fara yanƙwanewa. Na kai ƙara wurin Dattijo.

"Abu huɗu kwalba ke so," in ji shi. "Duhu, sanyi marar tsanani, ɗan danshi, da a daina damunta. Ban ga dalilin da zai sa goronka ya fi ta buri ba. Ina da wani ɗan kabad mai sanyi a gida da nake kwantar da nawa. Akwai gurbi a layin ƙasa."

Na yi masa godiya ƙwarai. Sannan na hango kaina a zaure ina yi wa Baba bayanin maƙwabtan da goronsa ya yi wata shida a tsakiyarsu, kowace a kwance da toshiya a baki. Na ce a bar maganar.

A ƙarƙashin matakalar benenmu akwai wani ɗan lungu da muke tura akwatuna, iskar inji ba ta kaiwa sosai, rana kuma ba ta san da shi ba. Na sayo tukunyar ƙasa a tsohuwar kasuwa. Ganyen fita kuwa babu shi ko don magani. Na yi ta yawo har na dace a Asian Town, wurin Indiyawan da ke cin shinkafa a kan ganyen ayaba. Duk Juma'a in an sauko daga masallaci sai in bi ta can in sayo ɗanye. Mai shagon ya ɗauka ni ma a kai nake cin abinci, har ya fara yaba mini da wayewa. In na dawo gida sai in cire babbar riga, in durƙusa a bakin lungu, in zazzage tukunya a kan faranti, in duba su ɗaya bayan ɗaya, in sake ganye, in yayyafa ruwa da yatsu.

Sannan in kira Baba.

Kafin wannan goro, wayata da Baba ba ta wuce gaisuwa. Ina wuni, ina gajiya, yaya jiki, yaya yara, Allah ya yi albarka, sai ya miƙa wa ƙanwata. Ba rashin ƙauna ba ne. Ba mu da abin faɗa ne kawai. Shi bai san me ake yi da jimla ba, ni ban san me ake yi da huhu ba. Yanzu kuwa ko sallama ba ya bari in ƙarasa.

"Ka buɗe shi?"

"Na buɗe, Baba."

"Ka juya na ƙasa ya dawo sama?"

"Na juya."

"Akwai mai sankara?"

"Ɗaya na gani da ɗan baƙin ɗigo."

"Fitar da shi! Kana tsaye kana ba ni labari? Ɗan ɗigo, in ji Bature. Tsutsa ce a ciki tana karatun digiri."

Daga nan sai hira ta ɓalle. Ya ba ni labarin tafiyarsa ta farko kudu a bayan babbar mota, yana zaune kan huhu ruwa na dukansu. Ya faɗa mini yadda kakana ke gane goron da aka jiƙa don ya yi nauyi. Ya gaya mini cewa ranar da aka haife ni daushen da ya fi ji da shi ya fasa ya raba wa mutane, abin da ban taɓa ji ba sai a lokacin, ina durƙushe a ƙarƙashin bene da waya a kunne, gwiwata na ciwo. Wata rana ƙanwata ta karɓi wayar ta ce, "Yaya, me kake ba shi ne? Tun safe yake tambaya ko yau Juma'a ce."

Goro na raguwa. Wasu sankara ta ci, wasu suka bushe suka zama kamar tsakuwa. Waɗanda suka rage kuwa launinsu ya ƙara zurfi, ƙamshinsu ya sauya.

Ana cikin haka shugaban sashenmu ya kira ni. Mutumin kirki ne, ba ya ɗaga murya. Ya ce ana neman wanda zai riƙe ajin bazara, wato a daidai lokacin da ake damina a gida, kuma sunana ne ya fara zo masa. Ya ƙara da cewa, ba don komai ba, kwantiragina na gab da sabuntawa. Wanda ya yi zaman aiki a ƙasar wani ya san nauyin "ba don komai ba". Na ce zan yi tunani, amma a zuciyata na riga na amsa. Disamba ba nisa. Goron da ya yi wata shida ai zai yi shekara. Na shirya yadda zan faɗa wa Baba, har da ƙarin cewa daushen zai fi nuna.

Na faɗa wa maiɗakina shawarar da na yanke. Ta dai ajiye mini abinci da ƙarfin da ya fi na kullum.

Washegari na zaɓi ƙwaya ɗaya na naɗe a ganye na tafi da ita ofis. Ina son shaida ne, wanda zai ce mini goron zai jira.

Dattijo ya share teburinsa kamar za a yi tiyata. Ya shimfiɗa farar takarda, ya ɗora goron ya duba. Na ɓare masa da farce, ya sa kunne. Ya shinshina ɓari ɗaya, ya daɗe.

"Ƙasa bayan ruwan sama," in ji shi. "Itace. Wani abu kamar busasshen fure. Da kuma ayaba, amma wannan laifinka ne."

Ya gatsa. Na ga fuskarsa ta tattare wuri ɗaya kamar bakin jaka. Idonsa ya kawo ruwa.

"Furofesa, me na yi maka?"

"Tauna dai. Kada ka tofar, nan ba otal ba ne. Yanzu kurɓi ruwa."

Ya kurɓa. Ya jira. Sannu a hankali fuskar ta warware, girarsa ta ɗaga.

"A'a," ya ce a hankali. "Ji munafuki. Ashe zaƙi ya ɓoye." Ya sake gatsa, wannan karon da ladabi. "Da can ya fi haka kama baki?"

"Baba ya ce ba ya ciwuwa."

"To baurin ya kwanta. Saura kaɗan, daidai wanda zai riƙe shi tsaye. Wannan ya iso. Yaushe za ku fasa?"

"Da damina aka ce. Amma ina ganin sai Disamba."

Ya ɗauki ɗaya ɓarin ya matsa gefensa da yatsa, ya nuna mini inda ya fara laushi.

"Ba zai kai ba."

"Dattijo, yau fa ka fara ganin goro a rayuwarka."

"Ban san goro ba. Amma na san abin da ya hau har ya kai ƙarshen hawansa. Daga nan ba a tsayawa, gangara ake yi. Mutane suna zaton ajiya tsayar da abu take yi. Ba ta tsayar da komai, tafiyar kawai take rage wa sauri."

Na ce masa wannan ra'ayi ne, ba hujja ba. Ya yarda. Ya naɗe sauran goron a takarda ya tura mini, sannan ya juya kujerarsa wajen taga. Can, ba tare da ya dube ni ba, ya ce shi da wansa sun taɓa sayen wasu kwalabe na wata shekara mai kyau, suka kwantar a ɗakin ƙasa na gidan ubansu a ƙauye. Masu bauri ne sosai, irin waɗanda ake yi wa dogon zato. Suka yi alkawarin sai ya gama yawon ƙasashen waje ya dawo gida za su buɗe. Duk hutu wan nasa yakan ce, mu buɗe ɗaya mana, shi kuma ya ce a'a, ba su kai ba, saura kaɗan. Ya sabunta kwantiragi, ya sake sabuntawa. Da wan ya rasu, bayan an dawo daga maƙabarta, ya sauka ɗakin shi kaɗai ya buɗe ɗaya.

"Yaya ka same ta?" na ce.

"Launin ruwan shayi. Warin jiƙaƙƙen ganye. A baki kuwa ba komai, ɗan tsami kawai, kamar ɗakin da aka kwashe kaya." Ya ɗaga kafaɗa. "Ni ne fa gwanin. Shi bai san komai ba, sha kawai yake so ya yi da ƙaninsa."

Ya jawo takardun jarrabawa ya fara maki. Ni ma na jawo nawa. Muka yi ta maki har aka tashi.

Da safe na je wurin shugaban sashe na ce ba zan samu damar ajin bazara ba, mahaifina na jirana. Ya tambaya ko jikin ne ya tashi. Na ce a'a, alkawari ne. Ban ga yadda zan fassara masa sauran ba. Ya dube ni ta saman tabarau, ya ce, "Khalas, shi ke nan, Allah ya kai ka lafiya." Maganar kwantiragi kuwa ya ce in sha Allah, irin in sha Allah ɗin da ba ka sanin inda ta fuskanta sai daga baya.

Na sauka Kano ana yayyafi. Abin da ya rage a tukunya bai fi cikin tafin hannu biyu ba. Bayan la'asar aka shimfiɗa wa Baba tabarma a zaure, ƙanwata ta kawo ruwan randa a kofin silba ta koma bakin ƙofa ta tsaya. Na kwance ƙunshin na ajiye a gabansa. Na tsaya gaban malamai masu jarraba digiri ban ji abin da na ji a lokacin ba.

Ya lalubo ɗaya. Ya jinjina. Ya kai hanci.

"Ganyen ayaba."

"Babu fita a can, Baba."

"Ban tambaye ka ba."

Farcensa ya kasa ɓarewa, sai ya miƙo mini. Na ɓare daf da kunnensa, ta yi ƙas. Ya gyaɗa kai. Ya goga ɓari ɗaya a magogi, ya zuba garin a baki, ya lumshe ido. Ruwa na ɗiga daga indararo. Na ji kaina ina gyara zama, kamar masu kawo samfur a da. Ya kurɓi ruwa, ya jira.

"Ya sha wahala," in ji shi. "Ya ji ƙishi a farko. Amma ya yi. Da ka ƙara wata biyu, da sai dai a ba awaki." Ya miƙo mini ɗaya ɓarin. "Ci, Bature. Haƙoran ai sun gama aikinsu, an ba ka digirin."

Na ci. Na kurɓi ruwa a kofin da ya sha. Zaƙin ya zo a hankali, daga can ƙasan maƙogwaro.

"Wa ya nuna maka lokacinsa ya yi? Kai dai na san ba ka da wannan bakin."

"Wani abokin aikina ne, Bafaranshe."

"Bafaranshe na cin goro?"

"A'a. Shi inabi yake ajiyewa." Na ɗan yi tari. "Na kwalba."

Baba ya ajiye magogi. Ƙanwata ta toshe baki da mayafi.

"Allah ya shirye shi," in ji Baba. Ya sake goga goron. "Amma ya san ajiya. In ka koma ka kai masa biyu. Ka zaɓa masa masu kyau, kada ka ba ni kunya."

Muka yi wannan damina a zaure, kullum bayan la'asar ƙwaya ɗaya, rabi nasa rabi nawa, har suka ƙare, ban da biyun Dattijo. Baba ya rasu kafin sabon goro ya shigo kasuwa.

Kwantiragin an sabunta, ga ni nan har yanzu ina gyaran jimloli. Dattijo ya yi ritaya ya koma ƙauyensu. Ya ce sauran kwalaben suna nan a kwance, ba ya sha, ba ya zubarwa. Tukunyar ma tana nan a ƙarƙashin bene. Duk Disamba in na je gida nakan shiga kasuwar goro in zaɓo da kaina, ina jinjinawa a tafin hannu kamar na san abin da nake yi, masu sayarwa suna yi mini kara saboda sun san ɗan wane ne. Ran Juma'a in bi ta Asian Town in sayo ganye. In durƙusa, in juya na ƙasa ya dawo sama, in fitar da mai ɗigo.

In damina ta kama a gida, nan kuwa ko gajimare babu, sai in ɓare ɗaya daf da kunnena. In gatsa, in kurɓi ruwa, in jira. Wani lokaci ina jin kamar ya yi. Wani lokaci ina jin kamar na makara, ko na yi gaggawa. Sai in zauna a kan matakala da ɗaya ɓarin a hannu, ga waya a aljihu, har ya fara yin ja a iska.